Ɗauri Biyu a Man Ɓawon Lemo

Kamfanin na mutum biyu ne, wa da ƙanwa. Turaren sabulu suke haɗawa a wani dogon ɗaki mai taga uku, bayan masana'antar matse lemo, inda suke samun ɓawo su tatse mansa. Dukansu ilimin sinadarai suka karanta, amma Yaya ya girme ta da shekara tara. Ita kuwa Auta ake ce mata har yau, duk da 'ya'yanta uku.

Wani mai yin sabulu ya nemi su sarrafa masa man, yana son fitar da sabon ƙamshi daga cikinsa. Sinadarin da ke cikin man lemo irin wanda ake kira alkin ne, wato mai tagwayen ɗauri tsakanin kabon da kabon. Wannan kuwa wuri biyu yake da irin ɗaurin. Mutumin yana son a cike ɗaya da iskar haidurojin, a bar ɗayan yadda yake.

Yaya ya cika allo da zane. "Mataki huɗu ne," in ji shi. "Sai mun rufe ɗaya, mu yi aiki a kan ɗayan, sannan mu buɗe. Mako uku."

"Yaya, yini ɗaya ya isa."

"Ke dai baki ba ya miki nauyi. Na gwada shekarun baya, iskar ta cinye duka biyun."

"Wuta ka zuga masa, ka matse shi da iska, ka tafi ɗaurin aure. Ko dutse ne ai ya ba da kai."

Ta ɗauko ƙwallayen roban da ake harhaɗawa a nuna siffar sinadari, ta haɗa siffar sinadarin, zobe mai jela, ta ɗora a tafin hannunta. "Tafin nan shi ne garin filatinam da za mu zuba. A kansa iskar take zama, kuma dole ɗaurin ya kwanta a kansa kafin su haɗu. Dubi na jelar nan, ƙarshensa fili ne, ba mai tare shi. Yanzu dubi na cikin zoben. Rassa uku sun yi masa ƙawanya, ta ina zai kwanta? Sai an gama da na waje kafin a waiwaye shi. Mu kuwa a nan za mu tsaya."

Yaya ya juya abin, ya danna shi a nasa tafin, ya ga rassan suna tokarewa. "A roba kam haka ne," ya ce.

Washegari da hantsi ta zuba man da garin a tukunyar ƙarfe, ta kore iskar ciki, ta buɗe haidurojin kaɗan, ba ta kunna wuta ba. Ta manna jan tef a gilashin ma'aunin ƙarfin iska. "Idan allura ta sauko nan, ɗauri ɗaya ya ƙoshi. Za ka ga ta yi sanyi."

Allura ta yi ta sauka. Bayan awa biyu ta iso tef ɗin, ta ɗan yi jinkiri, sai kuma ta ci gaba da gangarawa.

Yaya ya harɗe hannu. "To, malama, ga shi ta wuce gidanku."

Auta ta kashe injin da ke motsa man, ta zuba wa allurar ido. Garin ya kwanta a gindin tukunya, amma allurar ba ta fasa sauka ba.

"Ba man ne yake sha ba," ta ce. "Da shi ne, tunda na daina motsawa, da ta tsaya. Wani wuri ke yoyo. Buɗe tagogin nan, ka miƙo min ruwan sabulu."

Ta bi mahaɗar bututun ɗaya bayan ɗaya tana shafawa. A ta uku kumfa ya taso, ƙanana kamar idon kifi. Ta ɗaure wurin da sifana, ta sake kunna injin. Allura ta tsaya, sai dai ɗan motsin da ba a rasa ba.

"Wa ya ɗaura wannan bututun?" in ji Yaya.

"Kai."

Ya yi tari, ya tafi neman kwalba.

Ta tace man, ta ɗiga masa ruwan buromin mai ja. Launin ya ɓace nan take, alamar akwai sauran tagwayen ɗauri. Sai dai wannan bai nuna wanne ya rage ba, don haka Yaya ya kai samfuri ɗakin gwaje-gwaje na jami'a da kansa. Bayan kwana biyu ya dawo da takarda, ya tsaya a bakin ƙofa yana karantawa. Na jelar ya cike, na zoben yana nan kusan duka.

"Kashi uku cikin ɗari ya wuce gona da iri," ya ce.

"Na lokacin da na sake kunna injin bayan yoyon ne. Gaba zan rufe da wuri."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Ranar Litinin za mu ɗora babbar tukunya. Ke za ki riƙe ta."

"Kai kuma fa?"

"Ni zan zauna kusa in ga yadda ake yi."

Ta cire safar hannu ta jefa a kwando, ta ɗauki makullin mota. Yara sun kusa tashi daga makaranta.