Cuɗar Bayan Maigida Tsurumaki

Shekara ashirin da biyu Likita Kuramochi ya yi yana duba fatar mutane a wani ƙaramin asibiti a arewacin Japan, kafin tsautsayi ya kai shi majalisar ƙasa. A asibiti, in mutum ya tuɓe riga gaskiya yake shirin faɗa. A siyasa kuwa ya tarar ko tsirara mutum yake, da sauran abin da ya ɓoye.

Zaɓe ya rage wata huɗu, kuma ko jam'iyya za ta sake tsayar da shi, magana ce ta mutum ɗaya: Tsurumaki, tsohon da ke riƙe da ɓangarensu, wanda kowa ke kira Maigida. Duk bazara yakan kwashi 'yan majalisarsa zuwa wani masauki a kan dutse mai ruwan zafi, a yi wanka tare bayan abincin rana. Wanda ya kira ya cuɗa masa baya, shi ne na hannun dama. Shekara goma sha tara Nezu ke wannan aiki, shi ne kuma kowa ya ɗauka magaji.

Ranar nan tsohon ya zauna a 'yar kujerar wanka, ya ɗaga tawul bai waiwaya ba.

"Likita, zo ka gwada hannunka."

Nezu, da ya riga ya murza sabulu, ya yi murmushi.

"A hankali dai, Likita," in ji shi. "Wannan bayan ya ci ministoci uku."

Kuramochi ya durƙusa. Shi da ko a majalisa kujerarsa na kusa da ƙofa, me ya kawo wannan? Ko dai sallama ce ake yi masa cikin mutunci?

Yana cuɗa, sai ya gan shi. Tabo ne baƙi ƙirin a ƙasan kafaɗar hagu, girman ƙwayar wake, gefensa a tsattsage, launinsa ba iri ɗaya ba. Ya ga irinsa ya fi ɗari. In aka cire shi bana, mutum ya rayu. In aka bari baɗi, sai dai a shirya furannin jana'iza.

Ya ci gaba da cuɗa yana tunani. A siyasarsu shugaban da aka ji yana ciwo ya gama. Kafin ya yi tari na biyu yaransa sun watse. Wanda ya san ciwon kuwa, da shi ake fara sallama. In ya yi shiru, takararsa na nan. Ya ji kunyar yadda shirun ya yi masa daɗi.

Tsohon ya buɗe famfo sosai, ƙarar ruwa ta rufe muryarsa.

"Ka tsaya a wuri ɗaya, Likita."

"Sabulu ne ya zame, ranka ya daɗe."

"Ƙarya ba ta karɓe ka ba tukuna. Shekara biyu ke nan hannun Nezu yana zuwa daidai nan sai ya tsallake. Mutum ba ya ganin bayansa, asibiti kuma 'yan jarida sun fi majinyata yawa. Me ka gani?"

Kuramochi ya saci kallon Nezu, wanda ke jiƙe cikin ruwan zafi, tawul a ka, ido a lumshe, kunne a buɗe. Ashe ya ga tabon tun bai girma ba, ya zauna yana jira.

"A cire shi cikin makon nan," in ji Kuramochi a hankali. "Ina da aboki likita a ƙauye da ba ya karanta jarida."

"Wa za ka faɗa wa?"

"Ba kowa."

"Haka Nezu ma ya yi," in ji tsohon. "Cuɗa ƙasa kaɗan."

An yi aikin a ɓoye, aka ce Maigida ya tafi kamun kifi. Nezu ya samu shugabancin wani kwamiti da ba ya zama. Kuramochi ya samu takararsa, ya ci, har kujerarsa ta matsa daga bakin ƙofa.

Da bazara ta zagayo, ya murza sabulu tun kafin a kira shi. Tsohon ya zauna, ya ɗaga tawul, ya kira wani sabon ɗan majalisa mai suna Hasumi.

Kuramochi ya shiga ruwan zafi kusa da Nezu, ya ɗora tawul a ka.

"Wane aiki Hasumi yake yi a da?" ya tambaya.

"Likita ne," in ji Nezu, bai buɗe ido ba. "Na fata."