Ranar da Aka Ƙi Karɓar Jinin Rijiya

A unguwar, duk wanda likita ya ce a nemo masa jini, shagon kafintan nan ake nufa. Shi ya sa ake kiransa Rijiya. Ma'aikatan asibiti sun gaya masa sai bayan wata uku ake sake bayarwa. Ya ji, ya kuma gane sarai, sai ya riƙa canza asibiti. Huɗu ne a garin, kowanne yana yaba masa da bin doka.

Da ya fara haki in ya ja zarto sau biyar, ya ce zarton ne ya dakushe. Da jiri ya kwashe shi a kan tsani, ya ce tsanin ne. Sai kuma ya tsiro da tauna ƙanƙara, har matarsa ta koma ɓoye ta. Cimarsa kuwa shayi mai kauri da burodi, nama sai an yi da gaske.

Ranar da za a yi wa 'yarsa tiyatar haihuwa, aka ce a tanadi jini leda ɗaya. Ya shiga ɗakin gwaji yana naɗe hannun riga, ya wuce mijinta ko kallo babu. Shekara biyu ke nan yana yi wa surukin dariya, don ganin allura kawai sumar da shi yake yi.

Nas ta ja fatar idon Rijiya, ciki fari fat. Ta duba farcensa da suka lotsa kamar cokali, ta gwada ɗigon jininsa.

"Baba, yaushe rabonka da bayarwa?"

"A nan? An fi wata uku."

"A ko'ina."

Ya kau da kai, nas ta ci gaba.

"Kowace leda da sinadarin ƙarfe take tafiya, da shi jiki ke haɗa jini. Ba ka mayar ba, shayin ma hana shi shiga jiki yake yi. In na ɗiba yau, gado biyu za mu nema."

"'Yata ce fa, 'yar nan."

"Na sani, Baba. Sauke hannun rigarka."

Surukin ne ya miƙa hannu, ido a rufe. Leda ta cika, shi kuma ya sume kamar yadda ya saba.

Rijiya ya zauna yana yi wa surukin fifita da takardar maganin ƙarin jini da nas ta ba shi. Ya ƙirga waɗanda ya ba jini, mutum goma sha tara. Ya sake ƙirgawa, babu 'yarsa a ciki.