Kai Ɗaya, Hula Ashirin da Uku

Mutanen zamanin nan almubazzarai ne, kuma na sha faɗa musu. Ko shekaranjiya sai da na hana matata Lantana sayen atamfar ankon bikin ƙanwarta. Na ce mata zane huɗu gare ta, jikinta kuwa ɗaya ne. Abin da ban gaya mata ba shi ne ina da huluna ashirin da uku, na ɓoye su a ƙarƙashin littattafai cikin akwatina.

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa, sai na yi wani mafarki. Ga ni a wata kasuwa inda ruwan sama daga ƙasa yake tashi, kowa ya ɗaura lema a ƙafa. Dokar wurin ita ce mutumin kowace ƙasa ya ɗora a kansa abin da ya fi kashe wa kuɗi, ya bi layi zuwa gaban shugaban kwastan, wani bunsuru mai tabarau.

Bature ya wuce da kare a kai, karen sanye da rigar sanyi da takalma huɗu. Na ce, "Asara!" Balarabe ya biyo da tulun turare, ƙudaje na suma a bayansa. Na ce, "Fariya!" Mutumin Nijar kuwa butar shayi ce ke tafasa a kansa. Ya miƙo mini kofi. Sai da na shanye tas, sannan na sanar da shi cewa shayi ɓata lokaci ne.

Bunsurun ya ce, "Malam Tanimu, matso."

"Ranka ya daɗe, ni wa'azi na zo yi, ba sayayya ba."

"To mene ne wannan a kanka?"

Na shafa. Hulunan nan ne, ɗaya kan ɗaya, ta saman har ta shige gajimare.

"Kai nawa gare ka, Malam?"

"Ɗaya."

"Sauran kawunan suna hanya ke nan?"

Karen Bature ya yi dariya har takalminsa ɗaya ya fita. Na sunkuya na raɗa wa bunsurun, "Don Allah kada Lantana ta ji."

Ya zare hula guda, ya tauna gefenta a hankali, ya buga hatimi da kofato. "Ai ita ta kawo ƙara."

Sai na ji ƙiii, ana jan akwati a kan siminti. Na buɗe ido. Ga Lantana a durƙushe da tsintsiya, littattafaina a ƙasa, hulunan jibge a gabanta.

Ta ce, "Malam, ɓera na biyo, sai na tarar da kasuwa."

Na fara gyaran murya zan yi bayani, ta ce in adana shi sai ranar wa'azi.

Ashirin da biyu ta kai wa dillaliya. Ta sayi ankonta, har da takalmi da jaka. An bar mini ɗaya, wadda ɓera ya ci gefenta. Ita ce a kaina yanzu.