Sharar Ƙwaro

"Goge wannan," in ji Farfesa, yana ƙwanƙwasa fuskar kwamfuta da makullin motarsa. "Shara ce."

Ɗalibar ba ta taɓa komai ba. Ita ce babba a ɗakin binciken. Sai da ta yaye autanta ta dawo karatu, yaran ajin suna kiranta Uwar Ƙwari. A gabanta akwai jerin ƙwayoyin halittar ƙwarin garin hatsi iri biyu, 'yan uwan juna na kusa. Guntayen jerin da ake ganin ba su da wani aiki su ne Farfesa ke kira shara. Tun tana goyon fari Farfesa ya rubuta cewa iri ɗaya ne, kuma da wannan rubutun ya yi suna.

"Ranka ya daɗe, in an goge sharar, gaskiya ne, kamar tagwaye suke. Amma a cikinta bambancin yake. Dubi ɗan guntun nan. Na farkon ya maimaita shi kaɗan ya bari. Na biyun kuwa ya yi ta nanata shi har ya cika wuri. Tun da suka rabu kowa ke tara tasa sharar."

"Duk duniya gogewa ake yi kafin a kwatanta. Ke ce za ki koya mana?"

"Na haɗa su a kwalba ɗaya. Sun yi ƙwai, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba."

"Kwalbar ce ba ki wanke ba."

Wata ɗaliba da ke wanke kwalabe a kusurwa ta ƙara buɗe famfo.

Farfesa ya sassauta murya. "Malama, ke ba yarinya ba ce. Kina son ki gama, ko so kike ki tsufa a nan? Ki goge, in sa hannu, ki koma wa 'ya'yanki. In kuwa kin bar shi, cire sunana daga takardar. Kuma wanda babu sunana a aikinsa, ba shi da wuri a firizata."

Ƙwarin duk suna cikin firizar, waɗanda ta sha rana tana tsinta a rumbuna da gidajen niƙa. In suka narke ƙwayoyin sun lalace, ba ta da abin nuna wa kowa.

Ta saurare shi har ya kai aya. Sannan ta koma shafin farko, ta sa yatsa ta goge sunansa harafi bayan harafi, ba gaggawa.

"An cire, ranka ya daɗe. Ko akwai wani gyaran?"

Ya dube ta, ya dubi kwamfutar, ya fita bai rufe ƙofa ba.

Sai a lokacin ta zaro waya daga jaka.

"Baban yara, kana gida? Kwashe duk abin da ke cikin firiza. E, har naman, ka ba maƙwabta." Ta saurari tambayarsa. "A'a, ba lalacewa ta yi ba. Baƙi muka yi, da yawa. Ka taho da kula da ƙanƙara, kuma don Allah kada ka tsaya hira a hanya."