Habbanayen Munkaila

Munkaila ɗan Labbo ya yi wa matan Tungar Mato ƙarya, kuma da ƙaryar nan tasa anka cire nono daga bakin maraya. Wanda duk ya ce ba haka anka yi ba, ya zo ya maimaita gaban Tsahara, ita da ta goya yaron.

Abin ya faro shekarar da anka karya darajar kuɗin sefa, lokacin da sabulu da gishiri sunka fara gagarar mutane. Wata farar mota ta baro titin Malbaza, ta shigo gari tana haƙar rairayi, ta tsaya gindin gawon ƙofar maigari. Munkaila ne ya fara fitowa, riga cikin wando, sai wata Baturiya a bayansa. Ɗan ƙanen Tsahara ne. Ita ta yaye shi, ita ta riƙa kai mishi fura lakwal har ya gama bokon, ga shi yanzu ya samu aiki wajen furoje, masu shirin tallafa wa karkara, a Konni. Ya tara mata ya ce wani babban kamfanin man shafawa ne can ƙasar Turawa ya ware wani abu cikin ribarsa don matan karkara su fita daga talauci. Ba hatsi za a raba ba. Awaki za a ba su, jajaye, irin na Maradi.

Tsahara ce ta yi magana, don ita ba ta iya kwana da tambaya a ciki. Ta ce kyauta ce ko bashi? In bashi ne su kwashe abinsu tun rana ba ta yi ba, ita ba ta ci bashi da ƙuruciya ba balle yanzu da furfura.

Munkaila ya dubi Baturiyar, ya dubi ƙasa.

"Habbanaye ne, Gwaggo."

To, nan fa kowa ya saki jiki. Wa bai san habbanaye ba a ƙasar nan? Tun kakanni Fulani ke yin shi tsakaninsu, suna yi da maƙwabtansu Hausawa. Mai dabba ya ba ka mace ka riƙe, ta haihu a hannunka, 'ya'yan naka ne, uwar ka mayar da ita da godiya. In ajali ya sauko mata a gidanka, ka feɗe ta, ka kai wa mai ita fatar ya gani da idonsa, ya ce Allah ya mayar da alheri, magana ta ƙare. Ba a taɓa jin an kai wani gaban alkali kan habbanaye ba.

Sai ya ƙara da cewa za a haɗa su ƙungiya ƙungiya, kowace ƙungiya kuma su tsaya wa juna. Ladi, ƙawar Tsahara mai bakin tsiya, ta ce oho, ashe sai Turawa sun zo za a koya musu zuwa suna da zaman makoki. Anka yi dariya. Munkaila ma ya yi, da haƙora kawai.

Anka raba awaki. Bayan haka lokaci lokaci Munkaila kan zo bisa moto mai ƙafa biyu ya karɓi 'yan kuɗi hannun kowace mace, ya ce na allurar dabbobi ne. Allurar dai ba wadda ta gani, amma ba wadda ta yi gardama. Ɗan gari ne.

Akuyar da ta faɗo wa Tsahara wata ƙanjamammiya ce mai ƙazwa, ta ci dusa ta ci harawa, ko ciki ta ƙi ɗauka. Tsahara ba ta damu ba, don tana da tata ta gado, Kyalla, ja mai farin ɗamara a ciki, jikanyar jikanyar akuyar da uwarta ta ba ta ranar da anka kai ta ɗaki. Da Baturiyar ta dawo bayan damina da abin ɗaukar hoto a wuya, ta leƙa garken Tsahara, ta wuce mai ƙazwa kamar ba ta gan ta ba, ta nuna Kyalla. Munkaila ya ce, riƙe wagga, Gwaggo, hoto ne kawai. Tsahara ta rungumi wuyan Kyalla. Ladi na bayan danga tana ce mata ta rufe giɓin nan kada ta tsorata 'ya'yan Turawa, dariya ta ƙwace mata, a daidai nan anka ɗauka.

Katanga guda ta raba Tsahara da Lauratu, yarinya mai kunya da ke cikin ƙungiyarsu. Mijinta Hashimu ya tafi cin rani Abijan tun cikinta bai fito ba, ko saƙo babu. Ta haifi namiji, anka sa mishi Tanimun, jini ya ƙi tsayawa, ba ta ga arba'in ba. Ba a daɗe da share makoki ba, wani tari da ya shigo wa dabbobin gari ya kama akuyar furojen Lauratu. Tsahara ta kira mahauci ya yanka ta kafin rai ya fita, ta shanya fatar, ta barbaɗa mata toka, ta naɗe ta rataye a ɗaki, tana jiran masu ita su zo su gani. Haka ake yi.

Yaron kuwa ita ta ɗauke shi, don ba wani na kusa. Ladi ta gwada ba shi nata, amma ita ma da goyo, nonon bai isa biyu ba. Allah ya sa Kyalla ta haihu a lokacin. Ran nan yaro ya yi kuka har ya shiɗe, Tsahara ta wanke hantsar Kyalla da ruwan ɗumi, ta durƙusa ta kai bakinsa. Ya kama. Kyalla ta waiwayo ta shinshina kansa, ta tsaya cak. Daga ranar ko tana bayan gari ta ji kukansa sai ta taho a guje tana amsawa. Tanimun ya yi kumatu, ya yi wuya, har mata na kiransa ɗan Kyalla.

Tsakiyar rani farar motar ta dawo. Babu Munkaila. Wani mai tabarau ne, Alhasan, da wani gardi mai kakin hukuma a bayansa. Ya shigo gidan ya tarar da Tsahara a durƙushe, yaro na tsotso. Ya yi sallama da ladabi, ya ce Lauratu ta daina biyan bashinta, ƙungiyarta kuwa ta yi alkawarin tsaya mata, don haka ko su biya ko furoje ya kwashe dabbobinsa da ke hannunsu.

Tsahara ta ce wane bashi? Lauratu ta riga mu gidan gaskiya, akuyar ma ta bi ta. Ta sa Ladi ta ɗauko fatar, ta warware ta gabansa. Alhasan ya ja baya ya toshe hanci, ya ce shi ba dukanci ya kawo shi ba. Ta ce to in dabbarsu suke so, ga ta can ga turke, su kwance abinsu, dama ta gaji da ciyar da juya.

Ya dubi mai ƙazwa. Ya zaro wata takarda mai sheƙi daga jaka, ya buɗe, ya kara ta kusa da Kyalla. Ga Tsahara nan a hoto tana dariya, ga farin ɗamarar Kyalla.

"Wagga ita ce tamu, Inna. Ga ki nan riƙe da ita. Bai kamata babba kamarki ta yi mana musanye ba."

Tsahara ta ƙura wa hoton ido, ta bar wa wasu faɗan. Ita da duk garin ke tsoron harshenta. Ladi ce ta yi ta rantsuwa, maƙwabta sunka taru suna shaida, gardi ya ce a rufa mishi baki. Abin da har yau Tsahara ba ta iya faɗa ba tare da ta dafa ƙirji ba shi ne, mutumin bai yi gaggawa ba. Tsayawa ya yi yana duban agogo har yaron ya ƙoshi ya saki don kansa. Sannan ya miƙa wa gardi igiya.

Ba gidanta kaɗai sunka shiga ba. Kafin la'asar duk wata akuya mai nono a ƙungiyoyin da tarin nan ya taɓa tana cikin motar.

Tanimun ya ƙi kunu. Da yunwa ta ci ƙarfinsa ya karɓa, sai zawo. Anka jiƙa saiwa, anka karɓo rubutu, maɗigarsa ta faɗa, kumatun nan sunka zube kamar ba a taɓa yin su ba. Maigari ya ce shi maganar furoje ta fi ƙarfinsa. Tsahara ta goya yaron da sassafe, ta ɗora naɗin fata a ka, ta taka har titi. Wani direban motar siminti, Bawa, ya ji tausayinta ya ɗauke ta zuwa Konni, bai karɓi ko dala ba.

Buron furojen, wato ofishinsu, gida ne mai shuɗin ƙyaure, da fanka na juyawa a sama. Wata matashiya mai buga takardu, Mariama, ta ce ta zauna bisa benci, Munkaila ya fita amma yana hanya. Tsahara ta zauna a ɗofane don kada ta matse yaron. Da ta ɗaga kai sai ta yi ido huɗu da kanta. Hoton nan ne, an faɗaɗa shi ya kusa cika bango, giɓinta kaɗai ya kai tafin hannu. Ta daɗe tana kallo. Ta tambayi Mariama mi anka rubuta a ƙasa. Yarinyar ta ce wai cewa anka yi akuya guda ta sauya rayuwar wannan matar. Ta ce ana aika shi ƙasar Turawa, ana liƙa ƙaraminsa jikin kwalbar mai.

"Ba su yi ƙarya ba," in ji Tsahara.

Rana ta take. Tun a mota yaron ke wani ɗan gurnani a bayanta, siriri kamar na mage. Tana nan zaune ta ji ya daina. Ta ji zafin da ke ƙona mata baya tun kwanaki yana ja da baya a hankali. Ta haifi 'ya'ya, ta binne wasu, ba sai an faɗa mata ba. Ba ta kwance goyon ba. Ta gyara zama, ta ci gaba da jira.

Munkaila ya shigo yana kaɗa makullin moto. Da ya gan ta ya durƙusa har ƙasa yana gaisuwa, ina gajiya, ina mutanen gida. Tsahara ta katse shi. Ta ce ina Kyalla. Ya ce ai ba sashensa ba ne, sashen karɓa daban yake, amma ya ji an kai su kasuwar Illela, can ƙetaren iyaka, fatake sun saye sun wuce da su. Ta ce ya tuna hoton nan wa ya ce ta riƙe Kyalla. Ya ce ya tuna, kuskure anka yi, ranar ba ya nan, da ya hana.

"Ranar gindin gawo kana nan. Na tambaye ka bashi ne ko kyauta. Mi ka ce mini?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce garuruwa da dama ya bi kafin Tungar Mato, ko'ina ya ambaci bashi sai mata su kakkaɓe zane su watse, shi kuwa an ce mishi in bai kawo ƙungiyoyi ba a bakin aikinsa. Ya ce ya ga abin kusan ɗaya ne, dabba ce a ba ka, ka mayar. Kuɗin allurar ma biyan bashin ne, da ruwansa. Bai zaci za a yi mutuwa ba.

"Kusan ɗaya," in ji ta.

Ya miƙe da sauri ya buɗe wani kabad, ya ɗauko gwangwanin madarar gari, ya ce ta fara ba yaron wannan. Ya ce kuma akwai sabon rabo bayan damina, shi da kansa zai sa sunanta a farko, a zaɓa mata mai ciki.

Tsahara ta tashi. Ta ture takardun da ke bisa teburin, ta warware fatar akuyar Lauratu a kai, toka ta tashi. Sannan ta kwance majanyi, ta juyo da yaron, ta kwantar da shi bisa fatar, ta miƙe mishi ƙafafu, ta shafa idanunsa. Mariama ta dafe baki da hannu biyu. Gwangwanin ya kuɓuce wa Munkaila, ya gangara ƙarƙashin benci, ba wanda ya bi shi.

Tsahara ba ta ɗaga murya ba.

"Kai ka ce habbanaye. To, a habbanaye in dabba ta mutu fata ake kawo wa mai ita. Ga fatarku, na kawo, na fita haƙƙinku. Wanga kuwa ban san wa zan kai wa ba. Uwarsa na ƙasa. Ubansa zai sauko daga mota wata rana ya ce Inna ina ɗana, kai za ka tsaya ka ba shi amsa, ko mai tabarau, ko wadda ta nuna Kyalla da yatsa?"

Munkaila ya ce Gwaggo, don Allah, bari a nemo mota a kai ku gida a yi mishi sutura.

Ta koma bisa benci ta zauna ƙarƙashin hotonta, ta naɗe majanyin a cinya.

"Sutura za a yi mishi, ni zan yi. Amma ba ni ɗaga shi daga teburin nan sai babbanku ya fito ya gan shi. Kira shi. Shi kuma ya kira wanda ya aiko shi, har a kai ga mai man shafawar. Ɗayanku ya zo nan ya tsaya gabana, ya faɗa mini da bakinsa wa ke da alhakin yaron ga."