Layin Sunan Injiniya

Muna cikin juya shi daga gefen hagu zuwa na dama, ni ina riƙe da ƙafafu, matarsa Maman Biyu tana tallabe da kafaɗu, sai Injiniya ya buɗe ido ya ce, "Anti Tela, sabon zubin manhajar ya sauka a wayarki?"

"Wane sabon zubi kuma? Kai da ko ruwa da ƙyar kake haɗiyewa."

"Manaja ya ce jiya zai saki. Duba min mana."

Na riga na duba tun da safe, shi ya sa na yi kamar ban ji ba, na shiga gyara masa matashi.

Injiniya maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba shagon ɗinkina da ɗakinsa. Shekara ashirin ya yi yana gyaran rediyo da talabijin, har mutane suka daina kawo gyara suka koma sayen sabo. Yana da shekara hamsin da biyu ya sayo tsohuwar kwamfuta mai ɓallallun maɓallai, ya ce zai koyi rubuta manhajar waya. Ni ce kan gaba wajen yi masa dariya. Sai ka gan shi da tabarau a ƙarshen hanci, yana kallon bidiyon wani yana koyarwa, ya tsayar, ya kwafa a littafi da biro, ya sake kunnawa. In abu ya ƙi tafiya, ta bango nake jin yana yi wa kwamfutar faɗa kamar 'yarsa.

Ni na ba shi aikin ba tare da na sani ba. Ran nan ya tarar ina ta masifa, ruwa ya zubo ta rufi ya jiƙa littafin da nake rubuta awon kwastomomi. Ya ɗaga littafin yana ɗiga, ya ce, "Zan sa miki wannan a waya." Shekara ɗaya da rabi ya ɗauka. Duk abin da ya rubuta, a wayata ake gwadawa, kuma ban taɓa raga masa ba.

"Ina wurin awon ƙugu? Ka taɓa ganin mace ba ƙugu?"

"Zan ƙara."

"Wannan maɓallin kuma da allura zan danna shi?"

Ya gyara ya dawo. A ƙarshe manhajar ta riƙe awo, da hoton yadi, da ranar karɓar ɗinki, har tana tuna min kafin kwastoma ta zo ta yi min tijara. Teloli suka fara tura wa juna.

Abin da ya fi alfahari da shi, sau ɗaya yake rubutawa. Zai jera wayoyinsa biyu na gwaji a kan tebur, Android da wata tsohuwar iPhone mai tsagaggen gilashi, ya ce, "Kalli nan." Ya canza kalma guda a kwamfuta, sai launin ya juya daga shuɗi zuwa kore a duka biyun. "Wasu sai sun rubuta sau biyu. Ni layi ɗaya ya ishe ni." Na ga wannan wasan ya fi sau talatin, kuma kullum sai na ce masa ikon Allah, don kar ya ji ba daɗi.

Matsalar ta zo wajen sa ta a kasuwar manhajoji. Ana buƙatar asusu mai rajista, ɓangaren iPhone kuma sai da wata irin kwamfuta da ba shi da ita. Manaja, ƙanin Maman Biyu, yana da duka biyun. A gidan nan ya tashi, Injiniya ne ya kai shi makaranta, yanzu ya zama babban mutum mai ofis da mota. Injiniya ya kwashe komai ya ɗora a asusun Manaja, har da abin da yake kira makullin sa hannu, wani fayil da in babu shi ba mai iya sakin sabon zubi. Na ce masa ko takarda ku rubuta. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Takarda tsakanina da Manaja? Anti Tela, kin cika zargi."

Abin da ya bar wa kansa shi ne layi guda a ƙasan shafin bayani: Wanda ya rubuta, sai cikakken sunansa. Bayan wata takwas ciwon hanta ya kwantar da shi. Asibiti suka riƙe shi mako uku, suka sallamo shi ba tare da sun ce ya dawo ba.

"Ba ni wayar," in ji Injiniya, bayan na gama gyara masa matashin.

"Ba sabis."

"Ƙarya ba ta yi miki kyau. Ba ni."

Na miƙa masa. Ya daɗe yana jan shafin sama da ƙasa da yatsansa da ya koma rawaya. Sabon launi, sabon tambari, sunan wani kamfani da ban taɓa ji ba. Ya ce wa Maman Biyu ta miƙo masa iPhone ɗin daga kan tebur, ta haɗa da intanet. Muka jira ta sabunta. Can ma haka.

"Layi ɗaya ya goge," ya ce a hankali. "Ni na nuna masa inda yake."

Maman Biyu ta ce, "Wataƙila kuskure ne, Baban Biyu."

Ni kuwa raina ya ɓaci, na koma shago na ɓata wuyan rigar mutane.

Da la'asar Manaja ya zo da ledar lemo da ayaba, sai ƙamshin turare yake. Na bar keke na biyo shi ciki, ba wanda ya gayyace ni. Ya durƙusa ya gaishe da Injiniya yadda ya kamata, ya tambayi jiki.

"Jiki ga shi nan. Ina sunana?"

Manaja ya sosa ƙeya. "Yaya, ai da ma zan yi maka bayani. Masu son zuba jari kamfani suke son gani, ba mutum ɗaya ba. In suka ji cewa wanda ya rubuta yana kwance, wallahi guduwa za su yi. Don amfaninmu duka na yi."

"Ban tambaye ka jari ba."

"Na sani, Yaya."

"Layi ɗaya ne. Ko minti biyu ba zai ɗauke ka ba."

"Zubi na gaba, in sha Allahu."

Na kasa haƙuri. "Zubi na gaba yaushe? Kai ba ka da ido ne? Dube shi fa!"

"Anti, maganar gida ce wannan."

"Gidan da ka ci ka ƙoshi a cikinsa? Mutum na da rai ka share shi?"

Maman Biyu ta riƙe min hannu, tana kuka ba sauti. "Don Allah, Anti Tela." Miji a kwance, ƙani a durƙushe, ban san wanda take roƙa wa ba. Manaja ya ajiye ledar ya fita, wai ana jiransa a ofis.

Washegari Injiniya ya sa aka ɗora masa kwamfutar a kan ciki. Na riƙe masa ita don kar ta zame. Yatsunsa na kuskure maɓalli, yana gogewa yana sakewa, abin minti biyu ya ci kusan awa guda. Ya mayar da layin. Sunan ya fito a wayoyin gwajin nan biyu, ya kalle su ya yi ɗan murmushi.

"To a tura wa mutane mana," na ce.

"Ba makulli a hannuna." Ya rufe ido. "A nan kawai zai tsaya."

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, ina kan keke na ji salatin Maman Biyu ta bango. Na tashi da zare a bakina.

Manaja ne ya zauna a gaba yana karɓar gaisuwa. Da kunnena na ji yana ce wa abokansa na ofis, "Ya ɗan taimaka mana sosai a farkon aikin." Na so in jefe shi da buta, darajar mamaci ce ta hana ni. Na kuma so in goge manhajar daga wayata, amma awon mata ɗari uku na ciki, har yau da ita nake aiki, kuma duk buɗewa sai na ji haushin kaina.

Bayan mako uku Maman Biyu ta leƙo shago, ta rame, ta zauna a bencin kwastomomi.

"Manaja ya kira ni. Wai ya cika alkawari, sunan ya dawo. Duba min, ni ban iya ba."

Na sabunta, na buɗe shafin bayani. Sunan kamfani na nan a sama. Can ƙasa an ƙara wani sashe da ƙananan haruffa: Godiya ga waɗanda suka gwada mana. Mutum shida. Ni ce ta biyu. Injiniya na biyar, tsakanin wani mai shagon yadi da direban Manaja.

"Yana nan?"

Na miƙa mata wayar. Ta karanta tun daga sama, leɓenta na motsi, har ta kai ƙarshe. Ta sa yatsu biyu ta buɗa rubutun, ta ƙara buɗawa, har kan maganar ya fice, sauran sunayen suka fice, ya rage nasa kaɗai ya cika fuskar wayar.

Wata kwastoma ta shigo da yadi a leda, na ce ta dawo gobe. Maman Biyu na zaune da wayar a tafin hannu. In hasken ya dushe, sai ta taɓa da yatsa ya dawo.