Gwiwar Hannun Rimi

Haƙori ne ya fara isa ƙasa, sannan mai shi ya biyo baya.

Allura bai ji usur ɗin alƙalin wasa ba. Sanyin katakon fili kawai ya ji a kumatunsa, da ɗumin jini da ya cika masa baki. Can sama, kamar mai leƙen rijiya, Rimi ne tsaye, dafe da gwiwar hannun da ta yi wannan aika-aika.

A duk masu cin abinci da ƙwallon kwando a ƙasar, babu wanda ya kai Allura gajarta. Da ƙyar kansa yake kaiwa hammatar abokan wasansa. Ƙungiyoyi da dama sun sallame shi tun daga bakin ƙofa, wani koci ma ya taɓa miƙa masa tawul ya ce ya kai wa 'yan wasa. Amma wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Yakan kutsa ta inda dogaye ba sa gani, ya zare ƙwallo daga hannun mutum kafin mutumin ya san an zo. Yau shi ne kyaftin, kuma wasan ƙarshe ake yi na cin kofi.

Rimi kuwa ƙanensa ne, ciki ɗaya. Allura ne ya fara ɗora masa ƙwallo a tafin hannu, kafin yaron ya miƙe ya bar shi a ƙasa, har ƙungiyar da suke karawa da ita ta ɗauke shi.

Likitan ƙungiya ya danna masa auduga. "Ka fita, Kyaftin. Leɓenka ya rabe gida biyu."

Allura ya tofar da gudan jini. "Da baki nake jefawa?"

Alƙali bai kori Rimi ba, jifa biyu kawai ya bayar. 'Yan kallo suka ɗauki ihu da zagi. Allura ya tsaya a kan layi, jini na ɗiga a rigarsa, ya zura duka biyun.

Daga nan wasa ya koma dambe. Aka taka masa ƙafa, aka soka masa gwiwa a haƙarƙari, wani ƙato ya make shi har ya bugi allon talla. Duk faɗuwa sai ya tashi. Lokaci na dab da cika, ana gabansu da maki ɗaya, ya karɓi ƙwallo ya nufi Rimi kai tsaye. Ya ɗaga kafaɗa kamar zai yi tsalle. Rimi ya tashi sama gaba ɗayansa. Allura ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin hammatarsa, ya ɗora ƙwallon a allo, ta gangara cikin raga.

Jama'a suka ɓalle shinge suka cika fili, amma ba duka ne suka zo murna ba. Wasu samari suka bi Rimi suka ritsa shi a lungun da ke kaiwa ɗakin canza kaya. Wani ya riga ya karya kujera yana riƙe da ƙafarta.

Allura ya fizge daga hannun masu son ɗaga shi, ya ratsa taron, ya tsaya gaban ƙanensa ya ware hannuwa. Iyakar abin da ya tare ƙirjin Rimi ne. Kwalba ta wuce ta saman kansa ta fashe a goshin Rimi.

"Durƙusa!" ya daka masa tsawa. "Durƙusa, shashasha!"

Rimi ya zube a gwiwoyinsa. Allura ya rungume kansa, ya juya wa taron baya. Ƙafar kujera ta sauka a gadon bayansa, ta sake sauka, kafin mai dukan ya lura da lambar rigar da yake duka. Hannunsa ya tsaya a sama. Ɗaya bayan ɗaya suka ja da baya, kowa na kallon ƙasa.

A asibiti, benci ɗaya aka zaunar da su. Ma'aikaciyar jinya ta gama ɗinke leɓen babban, ta koma kan goshin ƙaramin tana tsintar gilas.

"Yaya," Rimi ya ce, "koci ne ya ce in ka ƙara wuce ni, gobe in nemi wata ƙungiya. Wallahi ban yi nufin..."

Allura ya ɗaga masa hannu. Da gefen baki ya ce, "Kuma na wuce ka. Kullum ina faɗa maka, kada ka yi tsalle sai ƙwallo ta bar hannu."

Wayar Rimi ta hau ruri a kan benci. Ya leƙa fuskar wayar.

"Inna ce. Ta kalli wasan."

Ya tura wa yayansa wayar. Allura ya nuna ɗinkin bakinsa, ya tura masa abarsa, ya jingina da bango ya lumshe ido. Wayar ta ci gaba da ruri a tsakaninsu.